Mai Taga Ya Kama Bangon Malam

Ku samarin da ake ɗauka aikin lambu yanzu a gidajen bariki, na ji abin da kuke faɗi. Wai aikin gadina ba sana'a ba ce, zuba ruwa ne da korar awaki. Ɗayanku ma ya ce ko jaki anka koya wa riƙon buta zai iya. Ban yi fushi ba, don ni ne jakin da anka fara koya wa, na kuwa san tsawon lokacin da abin ya ci. Bokon ga da nake rubutu da shi ma da furfura na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga harafi ya karkace, ku tallabe shi kamar dashe.

Sunana Ummaru, amma tun Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba ake ce mani Gadina, har jikokina sun zaci shi ne na yanka. Manomi ne ni, ɗan manomi. Karatu kuwa an kai ni gidan kawuna, Malam Haliru na Ƙofar Kware. Na yi izu biyu, na ga dorina ta fi ni son zama wurin, na bar mata. Salla ma a wancan zamani ina yin ta ne kamar ruwan bazara, yau a yi, a kwana uku ana duban sama.

Ina da mata da ɗiya biyu na shiga bariki. Wanda ya ɗauke ni shi ne Baba Nomau, gadinan gidan Likita, tsoho ne da ya taɓa yin alaro, dakon kayan Turawa, har Lakwaja, can ya koyo aikin lambun Turawa. Idonsa ya fara hazo, yana neman wanda zai bar wa wurin. Likitan kuwa Mai Lofe muke ce masa, don ko allura zai yi wa mutum lofen tabarsa na bakinsa. Yana jin Hausa, irin wadda ake tsinta a hanya.

Ranar farko na zo da kalmena na noma a kafaɗa, na wasa shi yana ƙyalli. Baba Nomau ya karɓa ya jingine shi bayan kicin. Ya miƙo mani tsumma, da aska, da gwangwanin kananzir da anka huhhuda gindinsa da ƙusa. Ya ce, "Kalme na kabeji da latas na. Su ko makaho ya iya su. Taho ka ga mai gidan."

Na zaci Likita za a nuna mani. Sai ya kai ni baranda, gaban wani kasko babba.

Itace ne, in dai za a kira shi itace. Karansa gaɓa-gaɓa, kaurin babban yatsa. Ganyensa kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu, faɗinsa ya kai faifai. Hawa yake kamar duma, amma ba ya nannaɗewa. Daga kowace gaɓa saiwa yake fiddawa, ta riƙa laluben iska har ta sami abin kamawa. An kafa masa sandar gwangwala a tsakiyar kaskon, an naɗe ta da soso an ɗaure da kaba, don saiwar ta sami wurin shiga. Daga Kalaba Likita ya taho da shi, rabin hanya a jirgin ruwa, rabi a kan 'yan alaro, kuma ya ce daga Lakwaja zuwa nan bai san da wani irinsa ba. Ya faɗa mani sunansa sau uku, sunan ya fi itacen tsawo. Mu dai Mai Taga muke ce masa, saboda hujin da ke jikin ganyensa.

Hujin nan shi ya fara ba ni kunya. Ni manomi, na ga ganye da huji, ai na san tsutsa ce. Na yi kwana biyu ina ɗaga ganye ina leƙawa, ban ga kowa ba. Na ce to, ɓarauniyar na ɓoye ne. Na tafi kicin na ɗebo toka cikin ƙwarya, na barbaɗe shi tun daga sama har ƙasa, yadda muke yi wa wake. Na koma gefe ina jiran yabo. Baba Nomau ya zo, ya shafa ganye, ya kai yatsa hanci.

Ya ce, "Ummaru, mi na wanga?"

Na ce, "Maganin tsutsa, Baba."

Ya ce, "Hujin ga shi anka ɗauko tun daga Kalaba bisa kan mutane. In ganye maras huji Likita ka so, ai ga gwaza nan fadama, kyauta."

Na wuni ina goge toka da tsumma, ganye ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya.

Daga ranar na fara zubar da abin da na sani. A gona rana uwa ce, shi kuwa in ta taɓa shi kai tsaye sai ganyen ya ƙone kamar an ɗora masa dutsen guga. Haske yake so, amma wanda ya biyo ta asabari. A gona ba a ƙin ruwa, shi kuwa sai ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ka ji danshi ka ɗauke butarka ka ba shi wuri. Ruwan ma ba na rijiya nan take ba, sai ya huce a tulu. Ƙasarsa haɗa ta ake kamar yaji: ruɓaɓɓen ganyen gindin tsamiya, yashin gulbi, dakakken gawayi, da kashin shanu wanda ya shekara. In ka sa ɗanye, ka kira gara da bakinka. Akwai wasu ƙwari farare kamar auduga masu maƙalewa a hammatar ganye, su da ruwan sabulun salo ake bin su, a hankali, kamar ana yi wa jariri wanka. Soson sandar kuwa kullum a jiƙe.

Doka ta ƙarshe ita Baba Nomau ya fi nanatawa. Kowace Juma'a a juya kaskon, kuma kada a bari ya kusanci bango da ƙasa da kamu guda. Ya ce, "Wanga itace baƙo na maras kunya. Ka bar shi ya jingina, ya zama ɗan gida."

Na yi shekara biyu ƙarƙashinsa kafin idon ya rufe sarai, ya koma gida, aiki ya zama nawa. Na yi wa Turawa da yawa aiki bayan haka. Akwai mai son ciyawa ta tsaya kore a watan da ko kuka ta tuɓe. Akwai wanda bai san yana da lambu ba sai ranar da baƙo zai zo. Mai Lofe shi kaɗai ne na sani wanda in ya dawo daga asibiti ba ya tambayar abinci sai ya tsaya gaban kasko ya ƙirga ganye da wutsiyar lofe.

Sai shekarar nan ta zo. Damina ta ɗauke tun gero na ciki, munka yanke kara ba zangarniya. Gidanmu kaf, da tsohuwata, da matata, da ɗiyan, geron da aikin bariki ke kawowa shi ne tukunyarmu. A shekarar kuma hutun Likita ya faɗo, zai tafi ƙasarsu, tafiya da dawowa wata tara. Ranar da zai hau doki ya kira ni baranda ya ƙirga a gabana. Goma sha ɗaya.

Ya ce, "Gadina, na dawo, itace yana nan, kai kana nan. Itace babu, kai babu."

Hausarsa ba ta da kyau, amma ban taɓa jin magana ta fito fili kamar wannan ba.

Da bazara ta kama, rijiyar bariki ta koma sai guga ta kwanta a ƙasa ana jiran ta tara. Baturen da anka bar wa bariki ya ba da oda, ruwan na mutane ne da dawaki, kada a ga buta a hannun gadina. Kabeji da latas na yi masu ta'aziyya tun da wuri. Mai Taga kuwa kullum da safe sai in gangara gulbi, inda ya rage kududdufai, in ɗauko masa tulu guda. Ƙasarsa ba ta bushe ba ko sau ɗaya. Duk da haka bakin ganyen ya fara ƙonewa, ya yi rawaya, ya langaɓe. Na jiƙa soso, kafin in juya ya bushe. Ɗaya ya faɗi, na biyu ya bi shi. Da sunka koma shida sai na tafi wurin Baba Nomau.

Ya saurare ni yana murza goro a magogi. Ya ce, "Ba ƙishirwa ta ba. Iska na. Ƙasarsu iskar ma jiƙaƙƙa ta. Ka nema mashi inda iska ka da danshi."

Na ce, "Baba, a Sakkwato? A watan ga?"

Ya ce, "Ni dai na hwaɗa maka ciwon. Ido naka na."

A hanyar komawa na tuna. A gidan Kawu Malam Haliru, bayan zaure, akwai wani lungu matsattse tsakanin bango biyu, ceɗiya ta rufe samansa. Randuna uku ke jere a wurin, a nan mutanen gidan da masu ɗaukar karatu ke alwala. Ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa ba. Na san lungun ƙwarai, don a bayan randunan nake ɓuya in dorina ta fito, kuma na san ko da tsakar rana sanyi yake kamar cikin tulu. Rijiyar gidan tsohuwa ce mai zurfi, ta ja baya amma ba ta ƙafe ba.

Fitar da kayan Bature daga bariki sunansa sata. Na sani. Amma na auna, in ya zauna ya mutu, in ya mutu na tafi. Bayan azahar, mai gadin gidan na barcinsa, na yi gammo na ɗora kaskon a ka, na lulluɓe shi da tsohon zanen matata. Sandar ta miƙe sama kamar mutum a tsaye bisa kaina. A bakin ƙofa wasu mata masu sai da fura sunka bi ni da ido.

Ɗaya ta ce, "Gadina, amarya ka sato?"

Na ce, "Majinyaci na, Inna. Ku yi mashi addu'a."

Sai da na durƙusa kafin munka shiga zauren Malam. Yana zaune bisa buzu da littafi a cinya. Na sauke, na gaishe shi, na yaye zanen. Ya dubi itacen, ya dube ni. Kawu mutum ne da tun zuwan Turawa bai taɓa taka bariki ba, ko sukarinsu bai sha.

Ya ce, "Na Nasara na?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kaskon dai nashi na. Itacen ban tambaye shi ba."

Ya ce, "Kuma gidana ka ga ya dace."

Na ce, "Kawu, ruwan da zai sha wanda ya riga ya zuba ƙasa na, ba a hana kowa. Kuma a zauren ga na ji ka ce shayar da mai rai sadaka ta, ko wane iri na."

Ya rufe littafin. Can ya ce, "Izu biyu ka yi ka gudu, ashe ka tsinci wanda zai yi maka rana. Kai shi. Kada dai shi tare wa mutane hanya."

Don kada ya tare hanya na matsa da kaskon can ƙurya, na jingine shi da bango. Na san doka. Na ce kwana kaɗan ne.

Cikin sati biyu ya daina langaɓewa. Cikin wata guda sabon toho ya fito a naɗe kamar takardar laya. Sau biyar a yini mutane na tsugunawa gabansa, ruwa na fantsama, randuna na tsatsafo, iskar lungun ta yi nauyi. Da farko kullum nake zuwa. Da damina ta sauka, aikin gyaran lambun bariki ya taso, ga 'yar gonata, sai na koma leƙe daga bakin zaure. In hango kore, in ce alhamdu lillahi, in wuce. Juya kasko kuwa, lungun ba wurin juyi, kuma wa ke taɓa abin da ke tafiya daidai?

Ana cikin haka masinja ya zo da labari, Likita ya baro Gusau. Na ɗauki gammo da zane na tafi ɗauko kayan mutane. Na kama kasko na ja, ya ƙi. Na ɗaga kai.

Itacen ya bar sandar tun tuni. Ya bi bango ya haura ya wuce tsayin ƙofa. Daga kowace gaɓa saiwa ta nutse cikin ginin ƙasar kamar yatsu cikin tuwo, wasu sun sauko sun shige ƙasan lungun. Ganyen sama kuwa ban taɓa ganin irinsu ba, kowanne ya kai tabarmar salla ta yaro, taga a jere har baki. Na ja saiwa ɗaya a hankali, ta tsinke a hannuna.

Dabara ɗaya na sani, a jiƙa bangon sosai har ya yi laushi, a zaro saiwoyin da yatsa. Na faɗa wa Malam. Ya ce, "Ka san abin da ke bayan bangon ga?"

Na sani. Ɗakin littattafansa ne, wasu tun na kakansa.

Ya ce, "To ka jiƙa shi in gani."

Na je na riƙo sandar Baba Nomau na jawo shi har lungun. Ya bi karan da hannu tun daga kasko, gaɓa bayan gaɓa, har inda hannunsa ya kai. Ya ce, "Juma'a nawa ka juya shi?"

Na ce, "Baba, ai ka ji da hannunka."

Ya ce, "Na sama ya daina cin kasko, bango da ƙasa ka ciyar da shi. Shi ya zama ɗan gida. Na ƙasa shi na naka. Ba ni aska."

A ranar na koyi abin da na ci abinci da shi har tsufana, cewa kowace gaɓa mai saiwa itace ce sukutum. Makaho ya laluba ya sami wurin, ya yanke sau ɗaya. Ya ce in kawo toka in shafe bakin yankan biyu. Ya ce, "Tokar da ka matsu ka zuba, ga ranarta ta zo."

Abin da ya rage a kasko ganye huɗu ne, tsofaffi, masu ƙonannen baki. Da su zan tari Likita. Kafin in ɗauka na koma zaure na zauna nesa da buzu.

Na ce, "Kawu, in ya ga huɗu zai kore ni. Sai in ya ga sauran da idonai."

Ya ce, "Ban taɓa zuwa ƙofarsu ba, ba su taɓa zuwa tawa ba. Haka munka zauna lafiya."

Na ce, "Gaskiya ta. To in anka kore ni, ƙanwarka da matata da ɗiyan ga biyu, nan za mu dawo cin tuwo. Ni ma sai in koma karatu."

Ina jin maganar komawata karatu ce ta tsorata shi. Ya ce, "Shi tuɓe takalmi a waje. Shi kashe wutar ga ta bakinai. Daga zaure sai lungu, daga lungu sai waje."

Likita ya iso da hantsi. Bai ko sha ruwa ba ya nufi baranda. Ya ɗaga wutsiyar lofe, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

Ya ce, "Huɗu. Ina bakwai?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, biyar sun mutu da bazara. Sauran suna makaranta."

Ya dube ni, wuyansa ya yi ja. Ya ce in naɗe tabarmata. Na ce zan naɗe, amma ya taho ya gani tukuna, in ya gani ya ce in tafi, ba sai ya faɗa sau biyu ba.

Da la'asar sakaliya munka isa Ƙofar Kware, shi bisa doki, ni a ƙasa, rabin unguwa na biye. A ƙofar gida na faɗa masa sharaɗi. Ya ƙwanƙwasa lofen a dutse, ya zauna bisa dakali ya kwance takalman nan masu igiya kamar ta guga. Ƙafarsa fara fat kamar rogon da anka feƙe. Ya yi sallama irin tasa, Malam ya amsa bai ɗaga kai daga littafi ba.

A lungun Likita ya tsaya, ƙafa cikin laka. Ya bi bangon da ido har sama. Sannan ya ɗaga lofen da babu wuta ya fara ƙirga. Tara. Ya taɓa bango, ya taɓa randa, ya shaƙi iskar wurin.

Na ce, "Da huɗun gida, goma sha uku. Goma sha ɗaya ka bari."

Ya ce, "Me ka ba shi?"

Na ce, "Ni ban ba shi komai ba. Ruwan alwala na, sau biyar a yini."

Ya fito zaure ya tsaya gaban Malam, ya tambaya ko za a bar shi ya sa a cire, shi zai sake gina bangon. Sai a nan Kawu ya ɗaga kai. Da ni ya yi magana, ba da shi ba.

Ya ce, "Hwaɗa mashi baƙon da ya zo cikin kasko ya koma cikin kasko. Wanga da ya kama bango wata shida shina shan ruwan alwala, ba ni ba da shi."

Likita ya ji ba sai na maimaita ba. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya fita ya ɗaura takalmansa.

Bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora wuya. Ya sa anka kira magina sunka tayar da guntun bangon ƙasa a barandarsa ta arewa, anka jera randuna biyu, anka jingina kaskon. Sannan ya ba ni oda, alwalata duka biyar a nan zan riƙa yin ta, gindin Mai Taga. Na yi ƙoƙarin in gaya masa buta ma ta isa, ba sai da salla ba. Ya ce shi abin da ya gani yana aiki shi za a yi, kada a rage komai. Mutum kuwa ba ya alwala a gaban kuku da mai gadi sannan ya miƙe ya kama shara, sai ya tayar da kabbara. Shekara huɗu, in Likita ya dawo daga asibiti ya ƙirga ganye, sai ya juyo ya ce, "Gadina, ka yi azahar?"

Da labarin ya kai Ƙofar Kware, Kawu ya sa anka kira ni. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Na karya dorina uku a bayanka. Ashe ganye kaka bukata."

Likita ya tafi, Baba Nomau da Kawu sun riga mu gidan gaskiya. Duk Mai Tagan da kuke gogewa a barandun bariki kuna cewa aikin jaki ne, daga bangon Kawu na yanko kakanninsu da askar Baba Nomau. Ɗaya na nan bayan ɗakina, ya kama gini, ban hana shi ba, gindinsa nake alwala. Ga shi an kira la'asar, kuma ba ya son a makara.